Mai Ƙwace ta Tafkin Talwen

Pontwen, Wales
Afrilu, 1984

Baffa Idwal,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Mama. Muna fata sanyin Kanada ya sassauta maka, kuma tarin nan da ka ambata lokacin Kirsimeti ya rabu da kai. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar Mama da ta hana ta hawa tudun majami'a. Ni nake kai ta a mota kowace Lahadi, tana kushe tuƙina tun daga ƙofar gida har ƙofar majami'ar. Tumaki sun haihu da kyau bana. Ni kuma ina nan da tankar madarata, ina bin gonaki tun da asuba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma gara ka nemi kujera kafin ka ci gaba.

Na shiga gasar kamun kifin tarawut da ƙudan fatsa. Ka san tun ina ƙarama Baba ya koya mini ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya har ya yi kama da ƙwaro, kuma ya sha faɗa mini cewa a wurinka ya koya. To, na yi zagaye biyu a tafkunan gabas, duk na tsallake. Saura na ƙarshe a watan Agusta. Mutum shida na farko su ne za su wakilci lardinmu, kuma tun da aka fara ba a taɓa samun mace a cikinsu ba. Shugaban kulob ɗinmu, Gwilym Rees, ya tambaye ni a gaban kowa ko ina so a sa mini matashi a kwalekwale. Na ce masa ya ajiye wa kansa, tunda duk garin nan an san wanda ba ya iya zama a kan katako. An yi dariya, shi kuwa har yau bai sake gaishe ni ba.

Baffa, a Tafkin Talwen za a yi zagayen ƙarshen.

Na san abin da na rubuta. Na san babu wanda ya fito daga kwarinmu da ke taka wannan ruwa. Na san Baba har ya koma ga Allah, in mun bi hanyar da ta ratsa saman madatsar, wajen dutse yake juya fuskarsa, ko da kuwa shi ke tuƙi. Amma ba zan ɓoye maka ba, na riga na shiga ruwan sau biyu don gwaji, kuma zan sake shiga.

Abin da nake roƙo a wurinka ke nan. Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka girma a Penlan, gidan gonarmu, ni kuwa ina 'yar shekara uku aka tashe mu don tafkin ya cinye kwarin, ban tuna komai ba sai wani kare mai ido ɗaya. Akwai wani wuri a tafkin, can gaba da inda aka ce majami'a take a dā. Manyan kifayen tafkin duk a nan suke taruwa. Sai dai duk wanda ya bar zarensa ya nutse a wurin, wani abu yakan riƙe masa ƙuda a ƙasa, ya ja ya ja har zaren ya tsinke. Masu fatsa suna kiran wurin Mai Ƙwace. Wasu sun ce kututture ne, wasu sun ce katanga, wani ma ya rantse tsohuwar garma ce. Ni na yi asarar ƙudaje biyu masu kyau a can. In na san abin da ke ƙasa, zan san yadda zan bi da shi. Mene ne a wurin?

Mama ta ce in gaya maka ba ta da hannu a wannan magana.

'Yarka,
Nesta

Sudbury, Kanada
Mayu, 1984

Nesta,

Na sami takardarki. Ina lafiya, tarin ya tafi, idon hagu ne dai yake yi mini hazo-hazo. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce mata ta riƙa shafa man zafi a gwiwar ta daina sauraron likitoci.

A tsaye na karanta takardar taki har ƙarshe. Ban kai shekarun da 'yar ƙanena za ta gaya mini lokacin da zan zauna ba.

Kin ce kin san abin da kika rubuta. Ba ki sani ba. Kina goye a bayan uwarki a gidan haya a Pontwen lokacin da mutanen birnin da aka yi wa madatsar suka zo da shebur suka tono kakanki daga inda muka sa shi, suka ɗora shi a bayan mota kamar buhun dankali. Ni na riƙe ɗaya gefen akwatin gawar. Mun yi tattaki har birnin nasu, mun tsaya a titi da alluna cikin ruwan sama, mutanen da za su sha ruwan suna leƙo mu ta taga suna dariya. Bayan haka ne muka haɗu a majami'a Lahadin ƙarshe, muka yi wa juna alkawari cewa su sha ruwansu, amma ƙafarmu ba za ta taɓa shi ba. Ba a rubuta ba, ba a sa hannu ba, kuma babu wanda ya karya sai ke. Ni da na ga ba zan iya zama ina juya wuya kullum ba, na tsallaka teku na shiga ramin ma'adinai. Gara mini duhun ƙasa da in ga hasken rana a kan wannan ruwa.

Sannan wane irin kifi ne ma kike wannan rawar kai a kansa? Kifin da aka yi kiwonsa a ramin siminti kamar kajin gidan gona, aka ɗauko shi a tanka aka juye. Tarawut na gaske a rafin Talwen yake, ƙarami, mai jajayen ɗigo a jiki, wanda ni da ubanki muke kwanciya rub da ciki mu lallaɓo shi da hannu a ƙarƙashin dutse. Sun kashe rafin, sun kawo kaji masu ƙaya, ke kuma kina so a ba ki lambar yabo a kai.

Amsar da kika ba Gwilym Rees ta yi mini daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na san ubansa, shi ma haka yake da baki kamar ƙofar rumbu. Amma in kina so ki nuna masa ke 'yar Penlan ce, ki nuna masa a wani ruwan. Akwai tafkuna a Wales har sun yi yawa.

Abin da ke ƙarƙashin wurin nan da kuke kira Mai Ƙwace, na san shi sarai. Tun kafin in gama karanta layin na gane. Ba zan faɗa miki ba. Ba zan zama ɗan jagoran masu yawon shaƙatawa a kan gidan uwata ba, ko da kuwa jinina ne a cikinsu.

Ki janye sunanki.

Baffanki,
Idwal

Pontwen
Yuni, 1984

Baffa,

Muna gaishe ka. Mama ta ce man zafin naka ba ya komai sai sa gida wari. Ka je a duba idon nan, kada ka tsaya taurin kai. Ruwan sama ya ɗauke mana tun farkon Mayu, ciyawa ta fara ja, madarar da nake ɗauka ma ta ragu.

Ba zan janye ba.

Na karanta takardarka har na kusa haddace ta, kuma na yi kuka a wurin da ka ambaci akwatin, don Baba bai taɓa gaya mini ba. Amma bari in tambaye ka. Shekara ashirin da wani abu ke nan muna juya fuska. Wa ya ji zafi? Su dai ba su ma san muna yi ba. Kowace Asabar suna zuwa da motocinsu da kwandunan abincinsu, suna shawagi a kan gonarmu, suna sa wa wuraren sunayen da suka ga dama. Akwai inda suke kira Kwanar Agwagwa, akwai Gaɓar Likita. Babu mai cewa Penlan. Mu da muke da wurin mu ne kaɗai ba ma zuwa. In wannan ne alkawarin, to su ya yi wa amfani. Ni ina so a kira sunan gidanmu da lasifika a bakin wannan ruwa, Gwilym Rees yana tsaye yana ji, kuma da hannunsa zai miƙa mini rigar lardi.

Shiri kuwa ina yinsa bakin rai bakin fama. Teburin kicin ya zama nawa, Mama tana cin abinci a kan cinya. Na tsige wuyan zakaran maƙwabta har ya daina fitowa in ya ji motata. Akwai wani ɗan ƙarfe mai rami da alƙalai suke auna ƙuda da shi, in ya ɗara ko da gashi ɗaya ne an kore ka, saboda haka rabin abin da na ɗaura na sake kwancewa. Doka kuma ta hana tsayuwa a kwalekwale, a zaune ake jifa. Shi ya sa kullum da yamma ina zaune a kan akwatin madara a bayan gida ina wurga zare wajen shinge. Zannuwan gadon Mama da ke kan igiyar shanya na kama su ba adadi. Ta ce in da zani ake gasa da tuni na wakilci duniya.

Ga wani abu da ya kamata ka sani, don kada ka ce na yi maka rufa-rufa. Ba kai kake zaɓen abokin jirginka ba. Da safe ake jefa ƙuri'a, a haɗa ka da abokin hamayya, ku biyu a kwalekwale ɗaya, kowa yana gadin kowa. Sai a raba yinin biyu. Rabi kai ne mai jirgi, inda ka ce nan za a je a kashe inji iska ta kora ku. Rabi kuma shi ne, kuma ko cikin wuta ya nufa ba ka da ta cewa. Bana ga zafi, kifi ya gudu ƙasa inda ruwa ke da sanyi, kowa ya koma zare mai nutsewa. Duk wanda aka haɗa ni da shi, Mai Ƙwace zai nufa. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, a ranar nan zan bi ta kan gidan Kaka Lowri. Kuma ba zan naɗe hannu in zauna kamar mai zaman makoki ba. Zan jefa.

Ban sake roƙonka ka faɗa mini komai ba. Na dai gaya maka ne.

Nesta

Pontwen
Yuli, 1984

Baffa,

Gaisuwa. Mama lafiya. Har yanzu babu ruwan sama.

Kullum in na dawo daga aiki sai na duba bayan ƙofa, babu komai daga Kanada. Mama ta ce haka ka yi wa Baba lokacin da ya karɓi gidan da aka ba shi a Pontwen, ka yi shekara biyu ba ka rubuto ba. In haka ka zaɓa, to. Ni ma jinin nan ne a jikina, zan iya yin shiru har ya fi naka tsawo.

Tafkin ya ja baya sosai. Kan wata gada ya fito, mutane suna zuwa ɗaukar hoto, har da mai sayar da askirim. Wata mata ta tambaye ni ko na san sunan gadar. Ban sani ba, Baffa. Na tsaya kamar baƙuwa ina kallonta. Wannan ma cikin ribar alkawarinku ce.

Gasa tana nan Asabar ta biyu a cikin watan Agusta.

Nesta

Pontwen
Agusta, 1984

Baffa Idwal,

Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa. Mama lafiya. Na ce zan yi shiru, amma wannan sai ka ji shi, kuma daga bakina.

Na zo ta bakwai.

Ƙuri'a ta haɗa ni da wani likitan haƙori daga bakin teku, Haydn Probert. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa, in ba magana ba to burodi da cuku. Aka jefa kwabo, safiya ta faɗo mini. Na kai mu gindin madatsa inda ruwa ya fi zurfi. Kada ka ɗauka don kai na guji wancan wurin, iska ce ba ta yi daidai ba. Kafin rana ta take na sa kifi huɗu a buhu, shi yana da biyu. Muka wuce kusa da jirgin Gwilym, na ɗaga masa buhun, ya yi kamar yana gyara hula.

Da lokacinsa ya yi, Haydn ya ja inji ya ce, "To, 'yar'uwa, mu je mu gaishe da Mai Ƙwace." Na ce masa jirginsa ne.

Ya kashe inji can sama da wurin, iska ta fara kora mu a hankali. Kafin ka ce me ya yi asarar ƙuda, ya sake ɗaurawa, ya sake yin asara. Yana dariya yana cewa wurin nan ya ci masa fiye da abin da 'ya'yansa suka ci. Ni kuwa na sa ɗan baƙin ƙudan nan mai jan wutsiya, irin wanda Baba yake cewa naka ne. Na jefa, na bar shi ya nutse, na fara ja a hankali. Sai na ji an riƙe. Na ɗauka wurin ne ya ƙwace, har na fara tsaki, sai abin ya motsa.

Baffa, ban taɓa riƙe kifi irin wannan ba. Ya fito sama sau ɗaya muka gan shi, har Haydn ya ajiye burodinsa. Sandar fatsata ta lanƙwashe har hannu. Na yi abin da kowa ya koya, in babban kifi ya ja sai ka sakar masa zare ya gaji. Na sakar masa. Ya nutse, ya yi wani zagaye a ƙasa, daga nan sai zaren ya tsaya cak. Ina jin kifin yana fizga a can, amma tsakanina da shi akwai wani abu da ba ya motsi. Ya fizga sau biyu, na uku zaren ya dawo mini babu komai a bakinsa.

Ina zaune, iska ta kawo mu daidai kan wurin. Rana tana tsaka, ruwa ya yi ƙasa yadda bai taɓa yi ba. Na sunkuya na kare ido da hannu, sai na gan ta. Waya ce. Waya mai kauri, a miƙe tsaf, tsayin mutum a ƙarƙashinmu. Kuma tun daga inda idona ya fara ganinta har inda ta ɓace, ƙudaje ne rataye a jikinta, ja da kore da ruwan ɗorawa da masu ƙyalli, ɗaruruwa, ruwa yana kaɗa su. Ga guntun zarena nan a naɗe a jiki.

Haydn ya tambaye ni me na gani. Na ce ciyawa. Ban san dalili ba, bakina ne ya riga ni.

Da yamma aka ɗora buhuna a sikeli. Tsakanina da na shida bai kai nauyin kan wancan kifin ba. Gwilym ya zo na biyar. Ya matso ya ce mini a hankali, yadda kowa zai ji, wai na yi ƙoƙari a matsayina na mace. Na riƙe kaina ban tura shi ruwa ba, kuma har yanzu ina nadama.

Layi ɗaya, Baffa. Da ka rubuto mini cewa waya ce, da ban sakar masa ko taƙi ɗaya ba. Da na riƙe kansa sama ko sandar za ta karye. Ka san wannan, kai ka koya wa wanda ya koya mini. Ka zaɓi wayar shinge a kan 'yar ƙanenka. Ina fata shirun ya yi maka daɗi.

Baɗi zan sake shiga. Ba izini nake nema ba.

Nesta

Sudbury
Yuli, 1984

Nesta 'yata,

Ina fata wannan ƙunshi zai same ki kafin ranar gasa. Ki yi haƙuri da rubutun, ido ɗaya ne yake aiki. An kankare mini yanar ido a na hagu, na yi makonni da bandeji, likita ya hana ni karatu. Takardarki ta Yuni tana kan tebur ina shafa ta kamar makaho, har na gaji na kira maƙwabciyata, Misis Kowalczyk, ta karanta mini. Da ta zo wurin da kika ce wa ya ji zafi, sai ta sauke takardar ta dube ni ta ce, "To, Idwal, sai ka ba ta amsa mana." Na kore ta. Washegari na sake kiranta.

Ban ce kin yi gaskiya ba. Na dai rasa amsa, kuma a shekaruna wannan abu ne mai ciwo. Tunda kin kafe sai kin bi ta kan gidan, gara ki bi kina sane da inda kike.

Wayar shanyar kakarki ce.

Babanmu ne ya ɗauko ta daga wurin fasa dutse, irin wadda ake jan kaya da ita, don Mama ta gaji da igiyar da iska ke tsinkawa. Ya kafa ƙarfe ɗaya a bayan kicin, ɗaya kusa da rijiya, ya zuba musu siminti kamar mai gina gada. Ranar da aka sa mana mu tashi ta faɗo Litinin, Litinin kuwa ranar wankinta ce tun kafin a haife ni. Ta tashi ta hura wuta ta yi wankinta kamar ba ta ji labari ba. Motar kwasar kaya tana tsaye a ƙofa, ita tana shanya zannuwan gado ɗaya bayan ɗaya. Wani mai farar kwala daga birni ya zo da takarda a hannu, ya ce cikin ladabi ta sauke kayan a tafi. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ba su bushe ba. Ni ba na sauke ɗanyen wanki don kowa."

Ta shiga mota ta zauna, jaka a cinya, ba ta waiwaya ba. Ni na waiwaya. Sun rushe gidan daga baya, sun sare itatuwa, amma ƙarafan nan biyu sun gagare su, suka bar su. Wani makiyayi ya gaya mini zannuwan suna nan suna kaɗawa har ruwa ya zo ya same su. Da na karanta cewa wani abu a wurin yana ƙwace musu ƙudaje shekara da shekaru, na yi dariya ni kaɗai har tari ya sarƙe ni, sannan na ji haushi don na yi dariyar. Abin da ya sa na ƙi faɗa miki ke nan. In suka sani za su je su yanke ta, kuma ita kaɗai ce a kwarin nan ba ta tashi ba.

Yanzu ki saurara. Wayar ta miƙe ne daga mafitar rana zuwa mafaɗarta. Ki jefa a gefenta, kada ki tsallaka ta. In babba ya kama, kada ki sakar masa zare ko kaɗan, duk abin da littattafanku suka ce. Ki riƙe kansa sama ki ja shi wajen majami'a, can filin kiwo ne, babu komai sai ciyawa.

A cikin gwangwanin taban nan akwai ƙuda ɗaya. Da lalube na ɗaura shi, in bai shiga ƙarfen awonsu ba ki datse wutsiyar. Har yanzu ina kan bakana, kifin nan kaji ne. Amma a gonarmu suke kiwo, saboda haka namu ne. Ki je ki kwaso su, kuma ki tabbata sun faɗi Penlan daidai a lasifikar.

Baffanki mai ido ɗaya,
Idwal

Pontwen
Satumba, 1984

Baffana,

Barka da samun lafiyar ido, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe mini da Misis Kowalczyk, ka ce mata tana da 'ya a Wales.

Ƙunshinka ya iso bayan gasa da mako guda, saboda gwangwanin ya sa ya biyo jirgin ruwa. A lokacin takardata mai zafin nan ta riga ta kama hanya, babu yadda zan kamo ta. Ka sa ta a murhu. Ko kuma ka ajiye, don rabin abin da ke ciki har yanzu ina kansa.

Na karanta wa Mama taka a kicin. Ta yi dariya har ta riƙe gwiwa, sannan ta rufe fuska da tawul ta daɗe. Ta ce ba ta taɓa jin labarin ba, amma Lowri ce sak. Wai duk ƙwallon da yara suka buga ya faɗa lambunta ba ya dawowa, ko na ɗan fasto ne. Ni kuwa na fita bayan gida na zauna a kan akwatin madarar nan. Na yi wata uku ina shiri don in kayar da maza sittin, ashe da tsohuwa ɗaya zan kara, kuma ita ta yi nasara.

Makon jiya aka yi taron kulob. Gwilym ya kawo shawara cewa tunda ruwa ya yi ƙasa, a ɗauki ƙugiyar ƙarfe da sarƙa a je a tumɓuke ko ma mene ne a Mai Ƙwace, a huta. Hannuwa suka fara tashi. Na miƙe na ce na leƙa da idona ranar gasa, bakin dutse ne mai kaifi, duk wanda ya jefa sarƙa a wurin to ya yi sallama da ita, ƙila ma ya kifar da jirgin kulob. Haydn Probert ya zo taron a matsayin baƙo. Ya dube ni, don ya tuna ciyawa na ce masa. Sai ya share murya ya ce shi ma dutse ya gani. Aka bar maganar. Ƙarya na yi a gaban mutum talatin, kuma in an sake tambaya zan maimaita ta. Kwana biyu bayan haka aka kece da ruwan sama, har yau ba a ɗauke ba, ruwa ya hau ya rufe gadar da komai.

Ƙudan naka ya shiga ƙarfen awo ba tare da na taɓa wutsiyar ba. Ba zan jiƙa shi ba sai kana cikin jirgin. Ka zo a watan Yuni, kafin zagayen ƙarshe. Ni zan ja filafili, kai kuma ka riƙa nuna mini kana faɗin sunayen, gadar nan da rijiya da filin kiwo, don ba zan sake tsayawa kamar baƙuwa a gaban mai tambaya ba. In ka ga dama ka juya fuska wajen dutse har mu isa, ba zan ce komai ba.

Ka dai zo da ƙudaje da yawa. Ta ƙwace na jikarta, ba na jin za ta raga wa ɗanta.

'Yarka,
Nesta ta Penlan